Jirgin Yaya Hashimu da Ƙyallayen da Na Kwance

Yayana Hashimu mai gyaran lantarkin motoci ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wata warsha, wato gareji, a unguwar Kudai ta Makka yana bin wayoyin manyan bas ɗin da ke jigilar alhazai, kuma duk direban da ya san shi zai gaya maka in Hashimu ya sa hannu a mota, to ta tashi. Sai dai ba ya magana. Tun muna yara a unguwar Jarwal haka yake, ka yi masa tambaya da safe ya ba ka amsa da la'asar. Ni ce Ɗaso, ƙanwarsa, ni aka ba rabon bakin gidanmu gaba ɗaya, don haka ni zan ba da labarinsa. Kuma tun yanzu in faɗa, akwai ɓarnar da na yi da hannuna a ciki.

Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya bi ta Chadi da Sudan, shekara bakwai yana hanya. Da ya iso ya zauna, daga shi kuma ba wanda ya sake motsawa. Mu 'yan Makka ina za mu je? Kowa wurinmu yake zuwa. Hashimu har ya cika hamsin bai taɓa taka cikin jirgi ba. Amma duk lokacin aikin Hajji ana haɗa shi da ayarin motocin da ke zuwa filin jirgin Jidda, ko da wata za ta mutu a hanya. Sai ya zauna a bas da akwatin kayan aikinsa a cinya, yana kallon jirage suna tashi har a gama sauke kaya. Ba wanda ya san abin ya shiga ransa, don bai gaya wa kowa ba.

Da gwiwoyinsa suka gaji aka sallame shi daga aiki, muka ce to Yaya zai buɗe ɗan shago ko ya nemi fili. Kwatsam sai ga akwatunan katako uku manya daga tashar jiragen ruwa. Aka kira winshi, motar ɗaga kaya, ya ɗaga su zuwa saman benen da suke haya a Rusaifa, maƙwabta suka fito suna ɗaga kai. Na hau ina haki na same shi yana cire ƙusoshin akwati.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Jirgi ne."

"Jirgin me?"

"Na sama."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na gaya masa garin da yake ciki ko filin jirgi babu, na gaya masa mutane za su ce ya taɓu, na tuna masa shekarunsa da sukarin da ke jininsa. Ya saurare ni har na gaji, ya ce, "Ɗayyib," wato to, ya ci gaba da cire ƙusa. Na sauko na rantse ba zan sake hawa wajen ba, kuma shekara uku ban hau ba.

Ashe irin jirgin nan a warwatse ake sayar da shi, gunduwa-gunduwa, da littattafai masu zane, mutum ya haɗa abinsa a gida. Akwai wani tsohon matuƙin jirgi, Kyaftin Sufyan, da ke kula da wani kulob na masu ƙananan jirage can cikin sahara bayan Jidda. Shi yake zuwa lokaci-lokaci ya duba aikin, ya sa hannu in ya yi, in bai yi ba ya ce a warware. Shi ne kuma yake koya wa Yaya tuƙi ranar Asabar a jirgin kulob ɗin.

Wadda ta biye masa ita ce matarsa, Rumasa'u. 'Yar gajeruwa ce mai yawan dariya, iyayenta ta Sudan suka zo. Shekara ashirin ta yi tana aiki a masaukan alhazai na Jarwal, tana raba ɗakuna, tana tsare kaya, tana rarrashin tsofaffin da suka ɓata. Da ya fara haɗa jikin jirgin, ita ce ke shiga ciki ta danna ƙarfe a bayan ƙusa shi kuma ya buga ta waje. Ƙusa dubu nawa, Allah kaɗai Ya sani. Na sha yi mata tsiya a kai. Na ce, "Ke da ya kamata ki hana shi, ke ce ma mai riƙe masa guduma?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ɗaso, shekara talatin mutumin nan yana dawowa gida da warin man mota, bai ce min uffan ba. Yanzu yana ce min riƙe nan, saki, matso. Ai magana ce."

Abin da ban sani ba, sai daga baya aka yi min bayani, shi ne maganar wayoyi. Wayar mota kala-kala ce, ja, kore, ruwan ɗorawa mai ratsin baƙi, kuma Hashimu da kalar yake gane su ko idonsa rabi a rufe. Wayar jirgi kuwa duk fara ce. Ta fitilar fiffike fara, ta famfon mai fara, ta rediyo fara, ta na'urar da ke nuna tsayi da gudu fara. Guda ɗari da sittin da huɗu, kowace ta shiga cikin jikin jirgin ta ɓace, ta fito can wani wuri. Ya liƙa musu 'yan takardu masu lamba, zafin saman benen nan ya narkar da gam ɗin suka zube cikin mako guda. Ya rubuta da alƙalami a jikinsu, santsin wayar ya ƙi riƙe tawada. Na'urar buga lambar da ba ta gogewa tana wurin Kyaftin, shi kuma ya ce sai ranar haɗa allon na'urori na gaban matuƙi zai kawo ta.

Sai Rumasa'u ta ce a bar mata. Duk wanda ya yi aiki da alhazanmu ya san yadda suke gane jakunkunansu. Jaka ɗari biyar iri ɗaya, kala ɗaya, amma kowa ya ɗaura ƙyallen atamfa a hannun tasa, kuma daga nesa tsohuwa za ta ce ga tawa can. Haka ta yi wa wayoyin. Ta fito da tsofaffin zannuwanta ta yayyaga sirara-sirara. Kowace waya, ƙyalle iri ɗaya a wannan bakin da wancan bakin. Da zannuwan suka ƙare sai ta koma ƙulli, wannan ɗaya, wannan biyu, wannan uku. Daga nan suka rufe jikin jirgin da fukafukan da ƙusa, wayoyin suna ciki, bakunansu kawai ke waje suna jiran a haɗa.

A watan Shawwal mai gidan ya aiko da takarda. Ya sayar da benen, za a rushe, kowa ya tashi kafin ƙarshen Safar. Kyaftin Sufyan ya ce kulob zai ba jirgin wuri a rumfarsu, a can za a ɗora masa inji, amma da sharaɗi: ba sa karɓar jirgin da lantarkinsa bai kammala ba. Sai ya zo ya gwada komai da idonsa ya sa hannu. Ɗansu guda ɗaya, Talal, da ke aiki a Jidda, shi kuma ya riga ya gama shirinsa. Akwai ɗaki a shaggarsa, wato gidan da yake haya, iyayensa su koma can, jirgin in bai gamu ba a kira 'yan gwangwan su kwashe. Rumasa'u ta ce wa ɗan nata ya kwantar da hankalinsa, da an gama aikin Hajji mako uku ya ishe su.

An gama aikin Hajji, alhazai suka watse. Ran huɗu ga Muharram ta faɗi a kicin tana tace shinkafa. Kwana biyu ta yi a asibiti ba ta buɗe ido ba. Aka yi mata salla a Harami bayan azahar, aka kai ta maƙabartar Shara'i.

Ban ga hawaye a idon Yaya ba. Ya zauna a ƙasa cikin maza, ana ba shi hannu yana bayarwa, ana cewa Allah Ya jiƙanta yana cewa amin. Aka miƙa masa gahawa ya sha. Aka ce ya tashi ya tashi.

Mata kuwa suka cika gidan har ba wajen sa ƙafa, don Rumasa'u ta jama'a ce. Rana ta uku na ga ba yadda za a yi, na ce a shimfiɗa darduma a saman bene ƙarƙashin rumfar kwanon da Yaya ya yi. Ranar na fara ganin jirgin. Yana tsaye a kan ƙafafunsa uku, fukafukan a gefe bisa katako, ko'ina ƙyallaye suna lilo, iska na kaɗa su. Wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyarmu, ta ƙura musu ido ta ce, "Wai waɗannan ba zannuwan marigayiya ba ne?"

Na matsa na duba. Wallahi su ne. Ga shuɗin nan da ta ɗaura ran sunan Talal. Ga mai ganyen nan da muka yi anko a bikin 'yata. Ga wanda take shiga kicin da shi. Mu a gidanmu yadda aka koya mana, in mace ta rasu, danginta mata ke tattara tufafinta kaf kafin a tashi daga zaman makoki, a wanke, a bayar sadaka, kar a bar ko ɗankwali mijin ya buɗe ƙofa ya gani. Tun safe na kwashe na ɗaki, har na ƙarƙashin katifa. Ga shi nan an bar masa ɗari uku da wani abu suna kaɗawa a wurin da ya fi zama. Ni na ɗauka ado ta yi wa jirgin, irin nata na son kwalliya. Ban tambayi kowa ba, ni da ban taɓa tambayar komai game da abin nan ba.

Ni da mata biyu muka zauna tsakanin la'asar da magariba. Ƙullin Rumasa'u ba ya kwantuwa da sauƙi, wasu sai da haƙori. Muka kwance su tas, na zuba a leda, na tsaya na dubi jirgin fari fes, har na ji daɗi a raina na yi wa ɗan'uwana abin kirki.

Ran kwana bakwai ya hau. Na biyo shi da shayi da burodi, na same shi tsaye a gaban jirgin hannuwansa a baya. Ya daɗe a haka.

"Wa ya kwance?"

"Ni ce, Yaya. Na ga kar ka riƙa gani ranka yana ɓaci."

Ya kama bakin wayoyin da ke fitowa ta wajen allon gaba, dunƙule guda kamar taliyar da ba a dafa ba, ya juya su a tafinsa, ya sake su.

"To," ya ce.

Ya karɓi shayin ya sha a tsaye, ya ajiye kofin, ya sauka.

Talal ne ya yi min bayani da yamma, rabi da Larabci rabi da 'yar Hausarsa mai karyayyen baki. Ya ce, "Ya Ammati, Gwaggo, kin san abin da kika yi? Yanzu ba wanda ya san wace waya ce wace. Khalas, an gama." Na zauna a kan matakala. Ƙyallayen suna nan, don wa za ka ba tsumma sadaka? Na wanke su, har guga na yi musu. Na ɗauko ledar da gudu na kai wa Yaya ɗaki na ce ga su, ko ɗaya bai ɓata ba, mu mayar. Ya leƙa ciki. Ya ce, "A ina za ki mayar da su, Ɗaso?" Ya ƙulle bakin ledar a hankali ya ajiye a gefen gado, ya ce ya gode.

Da ya zage ni, da ya fi min. Da ya ɗaga hannu ya kwaɗa min mari, ni mai jikoki, wallahi da na ce na gode. Bai yi ba. Kusan wata guda bai sake hawa saman ba. Na kwaso kayana na dawo gidan don in riƙa dafa masa. Yana tashi, ya je masallaci, ya dawo ya zauna a gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana kallon bango. In na sa abinci ya ci, in ban sa ba bai tambaya ba. Na yi masa labarin maƙwabta, na yi masa faɗa, na yi kuka a gabansa, duk amsar ɗaya ce, to, ko ɗayyib. Masu haya na ƙasa suka fara kwashe kayansu, gidan ya riƙa amsa kuwwa.

Ran goma ga Safar Talal ya zo da wani ɗan gwangwan. Ban ga laifin yaron ba, uwarsa ta mutu, yana son ya ɗauke ubansa kafin shi ma ya bi ta. Na bi su sama. Mutumin ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa shi da 'yan yatsu kamar mai zaɓen kankana, ya ce ba ma sai an kira winshi ba, zai zo da zarto ya yanka shi gida shida a sauke ta matakala. Ban san sanda na cire takalmina ba. Na ce, "Fita! Yalla, fita, kafin in yanka ka gida shida!" Ya sauka yana waiwaye, Talal na bin sa yana ba shi haƙuri.

Na faɗa ɗakin Yaya ko sallama ban yi ba.

"Za su yanka shi da zarto kana zaune! Matar nan ta ƙone hannuwanta a kan ƙarfen nan shekara uku. Ni na ɓata, na sani, ni ce jaka. To ba a gyarawa ne? Kai da ka tashi motocin da aka fid da rai da su?"

Ya ɗauke idonsa daga bango.

"Ana gyarawa. Mutum biyu ake bukata."

"Ni mene ce, kujera?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ina jin yana auna ko zan shiga wutsiyar jirgi. Ya ce gobe bayan sallar asuba. Saura kwana goma sha tara.

Ga yadda aikin yake. Ni ina can ƙarshen waya, a wutsiya ko a bakin fiffike ko a ƙarƙashin kujera, da wani ɗan maƙali mai haƙora. In kama waya ɗaya in haɗa ta da jikin jirgin. Shi yana gaba da mitarsa, yana taɓa bakunan wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya har mitar ta yi ƙara, ɗiiit. In ta yi, an gano ta. Sai ya duba zanen littafi, ya faɗi lamba, ya buga ta a na'urar da Kyaftin ya aiko, ya zura 'yar robar a wayar ya hura mata zafi ta kama. Ya miƙo min tawa in zura a nawa bakin. Wata wayar a taɓawa ta biyar take amsawa, wata sai ya taɓa ɗari da wani abu.

Muna farawa da an idar da sallar asuba, ƙarfe tara ƙarfen ya fi ƙarfin hannu, mu sauka. Mu koma bayan la'asar har a kira magariba. Ni ba ƙaramar mace ba ce. Shiga wutsiyar nan sai na kwanta rub da ciki na ja jiki, abayata ta naɗe, gumi na shiga min ido, ina tsine wa wanda ya ƙirƙiro farar waya da zuriyarsa. Sau biyu maƙalin ya suɓuce ban sani ba, Yaya ya taɓa wayoyin kaf ba ƙara, ya sake daga farko. Bai ce don me ba. Ya ce, "Duba maƙalin," shi ke nan.

Da muka gano su duka a kwana na takwas, sai aka shiga haɗawa. Nan na ga hannun da direbobi ke yabo. Ya fere bakin waya ba tare da ya ji wa zaren ciki ba, ya matse mata ɗan ƙarfe da filaya ta musamman, ya ja ya ji ta kama, ya tura ta raminta a bayan na'ura. Wasu ramukan kamar na allura, ga ido ya yi rauni, sai in riƙe masa fitila da gilashin ƙara girma. Ya ɗaure wayoyin dami-dami da zaren kakin zuma, kowane ƙulli tazararsa ɗaya da na gaba. Yana yi fuskarsa kamar ta mai jiran layi a asibiti. Ba ya sauri, ba ya tsayawa, kuma ban ga alamar yana son aikin ko yana ƙin sa ba.

Wata la'asar na kasa daurewa. Na ce, "Yaya, don Allah ka yafe min."

"Ban riƙe ki da komai ba."

"To ka riƙe ni mana! Ka yi fushi kamar mutum!"

Ya ajiye filayar. Ya ce, "Ɗaso, na nema ban samu ba. Ba fushin, ba baƙin cikin. Tun ranar da aka rufe ta ba na jin komai. Ko zafin nan da kike kuka da shi, ni gaya min ake yi." Ya ɗauki filayar ya ce in ɗaga fitilar sama kaɗan.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika Kyaftin Sufyan ya zo da hantsi, da takardarsa mai layi-layi da biro a aljihu. Dogo ne mai furfura, ba ya wasa da aiki. Gidan duk an kwashe, mu kaɗai muka rage, har ƙofofin ƙasa an ciccire. Aka jawo fukafukan kusa aka haɗa wayoyinsu da na jiki, aka ɗaura batir. Yaya ya shiga ya zauna a kujerar hagu, ya ce bismillah, ya ɗaga makunni na farko.

Allon ya kawo haske. Wani layi ya fito ya raba shuɗi da ruwan ƙasa, lambobi suka jeru a gefe. Na yi guɗa ban sani ba, a gidan da ake makoki, na toshe bakina. Kyaftin ya riƙa kira yana sa alama. Fitilar hagu, ja. Ta dama, kore. Ta wutsiya tana walƙiya. Famfon mai ya yi ƙas-ƙas-ƙas. Rediyo ya yi shuuu, can wata murya ta ratso ta wuce. Ya ciro fiyus ɗaya-ɗaya ya ga abin da ya mutu shi ne abin da ya kamata ya mutu. Ya kwanta ya leƙa bayan allon da tocila, ya daɗe, ya fito yana gyaɗa kai. Sai ya sake leƙawa.

"Abu Talal, waɗannan huɗun fa da ka naɗe?"

"Na samma'ar kujerar dama ne."

Samma'a ita ce abin da matuƙi ke sawa a kunne, mai ɗan bututun magana a gaban baki, don na hagu da na dama su ji juna in inji na ruri. Yaya ya haɗa tasa. Ta ɗaya kujerar ya gano wayoyinta, ya sa musu lamba, ya naɗe su ya tura gefe, ni ko lura ban yi ba.

"A bar su," in ji shi. "Ba mai zama a nan."

Kyaftin ya dube shi, ya dubi takardarsa. Ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ɗan'uwana. Jirgin mai kujera biyu ne, layin yana cikin takarda. In ban ji ta yi aiki ba, ba zan sa hannu ba. Ba ni na rubuta ba."

Na zaci nan ne zai fashe. Bai fashe ba. Ya fito, ya ɗauko filayarsa, ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa marasa lafiya, ya warware wayoyin huɗu. Minti ashirin ya yi, muna tsaye rana na cin mu. Ya gama ya koma kujerarsa ya sa samma'arsa.

Kyaftin ya miƙo min ɗayar ya ce, "Hajiya, shiga ki zauna, sai da mutum a ciki."

Na hau da ƙyar. Kujerar an matso da ita gaba sosai, an ƙara mata matashi a ƙasa, gwiwoyina suka tokare allon. Daidai gajeruwar mace aka gyara ta. Na ɗora abin a kan mayafina, kunnuwana suka toshe, hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Kafaɗata na gogar ta Yaya. Bai dube ni ba, gabansa yake kallo, inda ba komai sai tankin ruwa da bangon maƙwabta. Na ji ƙaramin ƙara a kunnena, sai numfashinsa, kusa ƙwarai, kamar a cikin kaina yake.

"Ruma," ya ce. "Kina ji na?"

Shekara talatin da huɗu suna tare, ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. A gaban mutane Ummu Talal ce, a cikin gida ke. Ban san ma yana da wani suna da yake kiranta da shi ba. Ta gilashi ina ganin Kyaftin tsaye da biro a kan layin ƙarshe, ya ɗaga min gira yana jira, shi bai ji abin da aka ce ba. In na yi shiru ba zai sa hannu ba.

Na ce, "Ina jin ka."

Numfashin ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har na juyo na dube shi. Hannunsa na kan gwiwa a buɗe. Sai numfashin ya dawo.

"Ɗayyib," ya ce.

Na ɗaga wa Kyaftin hannu. Ya sa alama, ya sa hannu a ƙasan takardar, ya ɗaga murya ya ce winshi zai zo gobe ƙarfe bakwai. Yaya ya kashe makunnan ɗaya bayan ɗaya har allon ya yi baƙi, amma bai cire samma'ar ba, bai kuma motsa ba. Na cire tawa na rasa inda zan ajiye, na ɗora ta a kan kujerar da na tashi. Ina ƙoƙarin fitar da ƙafata ya ce, ba tare da ya juyo ba, in sauka a hankali kar in taka wayar batir.